Kabbarar Kunnen Dama

An ce yabon kai jahilci ne. To, yau a yi mini uzuri in ɗan taɓa jahilcin, domin akwai wani aiki da na yi da kunnuwana da yatsuna wanda har gobe idan na tuna shi sai in ji kaina ya ƙara girma.

Sana'ata sauti. A unguwar Sabo ta Ibadan aka yanke mini cibiya, shagona kuma yana layin da ke gangarawa Mokola, tsakanin wani tela da wata Bayarabiya mai sayar da robobi. Ina ba da hayar lasifika da makirfo, ina ɗaukar murya a wurin biki da suna da wa'azi, in dawo in zauna gaban kwamfuta in tace ta kamar yadda ake tace gasara. Mutanenmu ba su ɗauki wannan a bakin komai ba. A wurinsu, wanda bai taɓa huhun goro ko igiyar shanu ba, to bai fara neman abinci ba tukuna, wasa yake yi da wayoyi.

Surukina alaramma ne. Tun ina yaro shi ne mai jan baƙi a tafsirin azumi na masallacin unguwarmu, wato shi ke karanto ayoyi da ka, malam yana fassarawa. Muryarsa ba mai kauri ba ce, amma tana da wani zaƙi da ke sa mai wucewa ya rage sauri. Abin da ya fi muryar daraja a wurinsa kuwa shi ne haddarsa. Bai taɓa riƙe takarda a kan kujerar nan ba, bai taɓa cin gyara ba, kuma duk Sabo ta san haka. Ba shi da gidan haya, ba shi da mota, wannan sunan shi ne dukiyarsa.

Tsakanina da shi sai kunyar surukuta. Nakan tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa a bakin ƙofar ɗakinsa in gaishe shi kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Ya ba ni 'yarsa, mun haifa masa jikoki, amma maganarmu ba ta taɓa wuce lafiya lau da madalla ba.

Bayan wata ƙaramar salla ciwon maƙogwaro ya kama shi. Aka yi ta magani, daga baya aka yi masa aiki a asibiti. Ya tashi, jiki ya dawo, amma muryar ta tafi, sai raɗa da ƙyar, wadda in ba ka matso ba ba za ka ji ba. Da azumi ya zagayo aka ɗora wani matashi a kujerarsa. Wannan ba laifi ba ne, kujera ai ba ta zama babu kowa. Laifin na bakin mutane ne.

Daga teburin mai shayi maganar ta taso. Wai dama ba ciwo ne ya sauke Alaramma ba, haddar ce ta fara zubewa. Wai a azuminsa na ƙarshe ya yi ta kakarewa, ciwon rufin asiri ne kawai Allah ya kawo masa. Abin da ya fi ba ni haushi, da yawa daga masu faɗin suna wurin a lokacin, da bakinsu suka yi ta kabbara. Amma ɗan Adam, idan aka maimaita masa ƙarya da shayi mai zafi a hannunsa, sai ya fara tuna abin da bai faru ba. Sabo kuwa ƙarama ce, magana in ta fita da hantsi, kafin azahar ta kai tashar Ojoo ta hau motar Arewa. Ba ta daɗe ba ta iske mai ita.

Alaramma ya daina fita. Masallaci ma sai an tayar da salla yake shiga sahun baya, ya fice kafin a shafa addu'a. Hanya ɗaya ce mai hadda ke wanke kansa, ya buɗe baki ya karanta, ita ce kuma aka rufe masa. Matata takan dawo daga gidansu ido jawur, ta ce tuwon jiya yana nan a rufe bai taɓa ba. Ni kuma ba a yi mini izinin shiga wannan maganar ba.

Ana cikin haka sai ga wani Alhaji mai goro a shagona, aminin Alaramma tun suna samari, kuma ɗan kwamitin masallaci. Ya zaro wata 'yar rakoda daga aljihun babbar rigarsa ya ajiye a kan teburina kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce ranar rufe tafsiri, a azumin Alaramma na ƙarshe, shi ya ɗauki karatun da hannunsa. Ni a ranar ina Ojoo da kayana wurin wani taro. Ya ce sai yanzu ya tuna da ita, amma da ya kunna bai ji komai ba sai kasuwa.

Rakodar mai baki biyu ce, daga Ikko ya sayo ta. Irin waɗannan kowane makirfo da kunnen da yake zuba wa sauti, ɗaya hagu, ɗaya dama. Na tambaye shi yadda ya kafa su. Ya ce ɗaya ya ɗaure a gaban Alaramma dab da bakinsa, ɗayan kuma ya zura ta taga ya rataye a jikin ƙarfe yana kallon titi. Na ce saboda me?

"Don a ji yawan jama'a mana," in ji shi. "Taro ai da mutane ake gane shi."

Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa mai furfura ba ne, sai na haɗiye shi na saka hedifon.

A kunnen hagu ga Alaramma, kamar yana zaune kusa da ni, sai ɗan gurnanin janareta a ƙarƙashi. Na kwana biyu ban ji muryar nan ba. A kunnen dama kuwa ga Sabo gaba ɗayanta bayan la'asar a goman ƙarshe. Waɗanda masallaci bai ɗauka ba sun shimfiɗa tabarmi har kan kwalta, 'yan okada na ta danna hon suna neman hanya, mai ƙosai na faɗa da mai ƙanƙara, wata mata na rera tallar ruwan sanyi da Yarabanci, akuya na kuka, yara na guje-guje. Can ƙasan duk wannan kuma ga muryar Alaramma daga lasifikar saman masallaci, tana isowa a makare kamar wani na kwaikwayonsa daga baya.

Alhaji ya ce in share masa wannan tarkacen duka, muryar amininsa kawai yake so, fes, ya kai ta teburin mai shayi ya toshe bakin 'yan iska. Na ce wannan ai kamar an yi an gama.

Na raba kunnuwan biyu kowanne da layinsa. Na kashe na dama ɗungurungum, na ɗauki na hagu na zuba shi a ɓangarorin biyu. Na cire gurnanin janareta. Ɗan abin da ya tsiyayo na hayaniya ta makirfon Alaramma shi ma na bi na goge, har sai da wuraren da ba ya karatu suka zama shiru tsit. Tsakanin hantsi da la'asar na kammala, na aika a kira Alhaji ina ta hura hanci.

Ya zauna a kan benci yana tauna goro, na kunna. Muryar ta fito tas, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Sai Alaramma ya kai ƙarshen wata aya ya tsaya. Shirun ya yi tsawo. Ya ci gaba, ya sake tsayawa, wannan karon har ya fi na farko. Can gaba kuma ya karanta wata aya, ya yi shiru, ya koma farkonta, ya yi shiru, ya kuma komawa.

Duk wanda ya taɓa riƙe allo ya san ma'anar wannan. Mai hadda idan ya yi shiru a tsakiyar karatu sannan ya koma baya, to ya ɓata ne, bakin zaren yake lalube. Na duba Alhaji, na ga ya daina tauna goron.

"Ashe dai..." Bai ƙarasa ba. Ya miƙe yana gyara hula. "Kashe, ɗana. Kada kowa ya ji wannan."

Ya fita ko sallama bai yi ba. Na kashe. An zo neman shaidar da za ta wanke mutum, ga shi na wanke shaidar har ta koma ta masu ƙararsa. A garin neman gira na kusa tsone ido.

Da na koma gida na kunna wa matata a waya, don ba na iya ɓoye mata abu. Ta saurara har wurin da ya yi ta komawa baya, sannan ta ture wayar. Ta ce ita a kan karatun nan ta tashi, da shi take barci da shi take farkawa, kuma wannan ba tsayuwar babanta ba ce. Ta dube ni ta ce, "Me ka cire?" Na ce hayaniya kawai. Ta tashi ta shiga kicin, tambayar kuwa ta ƙi barina.

Washegari da sassafe na buɗe shago, na dawo da kunnen daman da na kashe, na nufi daidai wurin shirun farko. Abin da na ji sai da ya sa na zare hedifon na mayar. Kabbara ce. Titi guda ya ɗauka baki ɗaya, ta tashi daga bakin masallaci ta gangara har can wajen masu nama, sannan ta dawo tana lafawa. A jiya da na ji ta a cakuɗe da hon da talla ban ware ta ba, na haɗa ta da sauran na kira su hayaniya. Ashe Alaramma ba lalube yake yi ba, jira yake jama'a su gama. Makirfonsa yana dab da baki ne, bai kamo su sosai ba, ɗan abin da ya kamo kuwa ni na goge shi da hannuna.

Na tsallaka wurin da ya yi ta maimaitawa. A nan ma ga amsa. Wata murya ce kusa da taga, tana rawa saboda kuka, tana cewa, "Maimaita, Alaramma, don girman Allah maimaita." Ya maimaita, muryar ta sake roƙo, ya kuma maimaitawa. Na san muryar nan kamar yunwar cikina. Alhaji mai goro ne, yana zaune a bakin taga yana gadin rakodarsa. Ni kaɗai a shago na yi dariya har da hawaye.

Daga nan aiki na gaskiya ya fara, domin yanzu ba sharewa zan yi ba, tsinta zan yi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Da farko na ja layin dama baya kaɗan kaɗan har muryar lasifika da ke makara ta hau kan ta hagu daidai, mai kwaikwayon nan ya ɓace. Na yanke ƙasan sautin inda gurnanin injuna ke kwana. Sannan na bi karatun daga farko ina zana layin ƙara da hannu. Inda Alaramma ke karatu in kwantar da titi ya koma kamar ruwan sama a nesa, inda ya tsaya in ɗaga shi a hankali kabbara ta cika wurin. Ban yarda in kashe titin gaba ɗaya a ko'ina ba, don idan aka fito daga shiru tsit aka faɗa cikin ihu, kunne zai ji kamar an banko ƙofa, nan take ya gane an yi taɓi.

A wajen wannan zanen ne na ga abin da ya ƙara mini girman mutumin. Duk inda wutsiyar kabbara ta mutu, a nan daidai yake jan numfashi ya ɗora. Bai taɓa riga ta ba, bai taɓa barin ta huce ba. Ga shi a allon kwamfuta ƙuru-ƙuru, tudu na sauka wani na tashi. Mutumin da ake cewa ya ɓata, ashe titi guda yake ja da numfashinsa.

'Yan okada kuwa sun sha zagi a bakina, su da iyayen gidansu. A hoton sauti kowane hon yakan fito kamar ɗan tsani, sai in kewaye shi in goge, in saurara ko na ci wani abu a kusa da shi. Na goge ɗaya, goma na jira. Akwai wani keke mai ƙafa uku mai fasasshen salansa da ya tsaya a gindin tagar yana jiran fasinja, na san mai shi, kuma har yau idan muka haɗu ba ya gane dalilin da nake harararsa. Telan da ke kusa da ni, saboda yawan jin wuri ɗaya ta bango, sai da ya fara bin karatun yana taka keken ɗinkinsa.

Wuri guda ya gagare ni. Wata babbar motar shanu ta danna hon mai tsawo daidai kan kabbara mafi girma, ta danne ta. Ina da kabbarori iri-iri a kwamfutata daga wa'azozin da na ɗauka, masu tsabta. Na ɗauko ɗaya na dasa a wurin, ta zauna daram kamar don ita aka yi gurbin. Na saurara na ji daɗi, sannan na cire ta. Mutanen Sabo sun san muryoyin junansu. Idan mutum ɗaya ya ce wannan ba kabbararmu ba ce, an yi haɗi, to duk sauran aikin ya zama ƙarya, kuma da gaskiyarsa. Na rage wa motar ƙarfi iya yadda zan iya, na bar ta ta wuce da shanunta.

Wani abu kuma da gangan na bar shi. Matar nan mai tallar ruwa, wadda ta cika mini kunne tun farko, a tsakiyar ayar da aka yi ta maimaitawa sai tallarta ta yanke. Can sai ga muryarta a hankali kusa da makirfo tana cewa, "Olohun tobi." Wato Allah mai girma, da harshenta. Wannan ko da wuƙa a wuyana ba zan goge ba.

A ƙarshe na zaunar da muryar Alaramma a tsakiya, na shimfiɗa jama'a hagu da dama, yadda mai saurare zai ji kamar yana cikin sahu. Na aika wa Alhaji. Ya zo yana jan ƙafa, a zatonsa wani baƙin cikin zan ƙara masa. Da aka zo wurin roƙon sai ya zaro ido.

"Wa ke nan?"

"Kai ne, Alhaji."

Ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na rawa, ban san ko dariya yake ko kuka ba. Da ya buɗe ya ce Allah ya shirye shi, shi da ya roƙa da bakinsa shi ne ya fara zargi. Nan take ya so ya ɗauka ya kai lasifikar masallaci. Na ce a'a. Maƙwabtanmu Yarabawa kan ce ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa. Mai muryar ne zai fara ji, shi zai ce a fitar ko a binne.

Wata ranar bayan la'asar muka je ni da matata. Ita ta fara shiga ta yi masa bayani. Na miƙa mata 'yar ƙaramar lasifika ta ajiye a cikin ɗakin, na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba. Yana zaune a kan buzu, ya rame, carbi a hannu. Bai dube ni ba. Na kunna.

Da muryar ta fito bai motsa ba. Sai na lura da leɓɓansa, suna tafiya gaba da karatun da ɗan taki, ba sauti, amma ko harafi ba su bari ba. Da kabbara ta farko ta tashi, sai ya ɗaga hannun dama kaɗan daga kan gwiwa ya riƙe shi a sama. Ta yi ta lafawa, ya sauke hannun, a daidai wannan lokacin muryarsa ta ɗora a lasifika. Haka ya yi ta yi har ƙarshe. Matata na kuka a gefe ba ta ko ɓoyewa, ni kuma ina kallon tabarma.

Da aka gama sai na ga ya yafito ni da hannu. Na duba bayana ko da wani yake. Tun da nake zuwa gidan nan ban taɓa tsallake dokin ƙofar ɗakinsa ba. Na rarrafa na shiga, ya sake yafitowa, har sai da na kai kunnena dab da bakinsa ina jin ƙamshin turarensa.

"Wannan ce babbar lasifikarka?"

"A'a, Baba. Akwai manya a shago."

"Je ka ɗauko. Ka kafa a ƙofar gida."

Ban san lokacin da na saka takalmi ba. Na tare keke, muka loda manyan guda biyu da nake kai wa taron fili, waɗanda sai mutum biyu ke ɗaga ɗaya. Kafin in dawo Alaramma ya sa an shimfiɗa masa darduma a waje, ya fito cikin farar riga da rawani ya zauna yana fuskantar titi. Na ja waya, na kafa, na dube shi. Ya gyaɗa kai.

Ban taɓa buɗe sauti da alfahari irin na ranar ba. Masu shago suka leƙo, masu wucewa suka tsaya, 'yan teburin mai shayi ma suka taso da kofunansu a hannu. Da aka kai ƙarshen ayar farko, kabbarar cikin lasifika ta tashi, sai ta kan titi ta haɗu da ita ta rufe ta, har ban iya bambance wacce na gyara da wacce ake yi yanzu ba. Alaramma ya ɗaga hannu ya jira su. Da suka lafa ya sauke, muryarsa ta ci gaba daga inda ta tsaya.